AMSOSHIN TAKARDUNKU: Yaushe Aka Fara Rigimar Tauhidi A Ƙasar Hausa?

Barkanmu da sake saduwa a wannan fili namu na amsoshin takardunku, wanda mukan kawo muku ta rediyo, sannan mu buga shi a nan domin waɗanda aikin gona ko cin kasuwa ya hana su ji. Yau takarda ɗaya tak za mu ɗauka, domin amsarta tana da ɗan tsawo.

TAMBAYA: Takardar ta fito ne daga hannun wani dattijo, manomi kuma mai awon hatsi a wata kasuwar ƙauye cikin ƙasar Katsina, wanda ya roƙe mu mu sakaya sunansa. Ya ce shi ɗan ɗariƙar Tijjaniyya ne tun yana saurayi, haka kuma ya tarar da mahaifinsa. Ɗansa na fari ya tafi birni neman kuɗi, ya yi shekara uku, ya dawo da karatu. Tun da ya dawo ba ya bin limamin garinsu salla, kuma da Babbar Sallar da ta wuce ya ƙi cin naman ragon da uban ya yanka da hannunsa, wai akwai gyara a tauhidinsa. Dattijon ya ce abin ya hana shi barci. Shi ne yake tambaya, shin yaushe aka fara wannan rigima ta tauhidi? Kuma da gaske ne marigayi Malam Abubakar Gumi ne ya kawo ta ƙasar nan, kamar yadda yake ji ana faɗa a rumfar kasuwa?

AMSA: To Baba, mun gode da takardarka, Allah ya ƙara haƙuri, ya shirya mana zuriya. Tun farko bari in faɗa maka, ni ba mai ba da fatawa ba ne, wannan aikin malamai ne. Abin da filin nan zai iya ba ka shi ne tarihi. A taƙaice dai, rigimar ta girmi Malam Abubakar Gumi da shekara fiye da dubu, kuma ko a nan ƙasar Hausa an yi ta kusan ƙarni biyu kafin ya rubuta littafinsa. Amma ruwa ba ya tsami banza, akwai dalilin da ya sa sunansa ya fi fitowa, za mu zo kansa.

Mafarin abin

Tauhidi shi ne kaɗaita Allah, watau mutum ya yarda Allah ɗaya ne, ba shi da abokin tarayya, kuma shi kaɗai ake bauta wa. Babu Musulmin da ke jayayya a kan wannan. Inda ake saɓawa shi ne, wane aiki ko wace magana ce ke warware tauhidin, kuma wa ke da ikon ya nuna wani da yatsa ya ce wane ya fita daga Musulunci.

An fara wannan tun sahabbai suna raye. A shekara ta 657, watau 37 bayan hijira, aka gwabza yaƙin Siffin tsakanin Sayyidina Ali da Mu'awiya, Allah ya yarda da su, daga baya aka amince a naɗa masu sulhu. Sai wasu daga cikin rundunar Sayyidina Ali suka ɓalle, suka ce duk wanda ya yarda da hukuncin mutane ya kafirta, har da shi Sayyidina Ali ɗin. Su ne ake kira Khawarijawa. Mutane ne masu yawan salla da karatun Alƙur'ani, amma sun tafi a kan cewa duk wanda ya aikata babban zunubi ya bar addini. Aka yi yaƙi da su a Nahrawan cikin 658, kuma cikin 661 ɗaya daga cikinsu ya sari Sayyidina Ali a masallacin Kufa yana shirin sallar asuba, cikin watan azumi. Tun daga nan malaman Sunna suka tsaya a kan cewa zunubi zunubi ne, amma ba ya fitar da Musulmi daga addini matuƙar bai halatta shi ba.

Daga baya karatun tauhidi ya bi hanyoyi biyu manya, kuma dukkansu sun iso mu. Hanya ta farko ita ce ta Imam Ash'ari, wadda ta biyo ta Arewacin Afirka tare da mazhabar Malikiyya. Babban littafinta a makarantunmu na zaure shi ne Ummul Barahina, na Imam Sanusi mutumin Tilimsan cikin ƙasar Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a 1490. Daga nan ne aka samo sifofin Allah guda 20 na wajibi waɗanda tsofaffinmu suka haddace. Hanya ta biyu ita ce ta Ibnu Taimiyya, wanda ya rasu a kurkuku a birnin Dimashƙa cikin 1328, sannan Muhammadu ɗan Abdulwahhabi na ƙasar Najadu ya raya ta, ya ƙulla alkawari da gidan Sa'udu a 1744. Su sun fi ba da ƙarfi a kan cewa yarda da Allah ne mahalicci bai wadatar ba, sai an kaɗaita shi wajen addu'a da yanka da bakance da neman agaji. Ka lura da wani abu, Baba: cikin waɗanda suka rubuta wa ɗan Abdulwahhabi raddi a kan kafirta Musulmi har da ɗan'uwansa na jini, Sulaimanu. Ashe tun can rigimar ta saba shiga cikin gida.

Zamanin Shehu

Yanzu mu dawo gida. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Marata cikin ƙasar Gobir a 1754, ya fara wa'azi yana da shekara 20. Kowa ya san faɗansa da sarakunan Gobir, da hijirarsa daga Degel zuwa Gudu a 1804. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, kafin ya yi faɗa da sarakuna ya daɗe yana fama da 'yan'uwansa masu karatu, kuma a kan tauhidi.

A zamanin akwai wasu almajirai da suka karanta littattafan Sanusi suka ɗauki zafi. Sai su tare mutum, ko manomi ne ko makiyayi ko mahauci, su ce ya kawo sifofin Allah, ya kuma kawo dalilin kowace ɗaya kamar yadda yake a littafi. In ya yi inda-inda sai su ce ai wannan ba shi da imani, kwaikwayo kawai yake yi. To ka san abin da ke biyo bayan irin wannan hukunci. In an ce mutum ba Musulmi ba ne, yankansa ya zama mushe, aurensa ya shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi, ba a bin sa salla. Ka ga kamar labarin ragonka ake ba ka, alhali kuwa shekara fiye da 200 ke nan da faruwarsa.

Shehu ya tsaya tsayin daka ya kare talakawa. Abin da ya karantar shi ne, duk wanda ya furta kalmar shahada, yana yin ayyukan Musulunci, kuma ba a ga wani abu ƙarara da ya warware ta ba, to Musulmi ne a hukuncin duniya, abin da ke zuciyarsa kuwa a bar wa Allah. Ba a ɗora wa manomi sai ya iya muhawarar malamai ba. Ɗansa Muhammadu Bello ya faɗa a cikin littafinsa Infaƙul Maisuri, wanda ya kammala a 1812, cewa Shehu ya rubuta littattafai wajen 50 a kan waɗannan mutane kaɗai. Malaman Sunna kan kafa hujja a nan da labarin Usamatu ɗan Zaidu, wanda ya kashe wani mutum a fagen fama bayan mutumin ya furta kalmar shahada. Usamatu ya ce ai tsoron takobi ne ya sa ya faɗa, Manzon Allah (S.A.W.) ya yi masa faɗa ƙwarai, ya tambaye shi ko ya tsaga zuciyar mutumin ne ya gani.

Amma kada a ce mun faɗi rabi mun bar rabi. Shehu bai yi sassauci ga kowane abu ba. A cikin littafinsa Nurul Albabi ya kasa mutanen ƙasar nan kashi uku: akwai Musulmi na sosai, akwai waɗanda ba su taɓa shiga Musulunci ba, akwai kuma masu gauraya, watau suna salla amma suna yi wa duwatsu da itatuwa yanka suna girmama su. Waɗannan na ƙarshe ya ce aikinsu kafirci ne. Saboda haka Shehu ya ja layi, sai dai bai ja shi a kan wanda bai iya bayani ba, ya ja shi ne a kan aikin da kowa ya gani da ido.

Akwai kuma saɓaninsa da malaminsa, Malam Jibrilu ɗan Umaru, wanda Shehu ya bi har Agadas don neman ilmi, kuma ba shi da malamin da ya fi girmamawa kamarsa. Malam Jibrilu, saboda zafin kishin addini, ya tafi a kan cewa masu aikata wasu manyan laifuffuka, kamar cin dukiyar marayu da auren mata fiye da huɗu, sun kafirta. Shehu ya rubuta cewa wannan ba ita ce hanyar Ahlus Sunna ba, ta fi kusa da ta Khawarijawa. Duk da haka bai zage shi ba, bai daina yabonsa ba, ya nema masa uzuri, ya ci gaba da kiran sa shehinsa har ƙarshen rayuwarsa. Baba, ka riƙe wannan labari, za mu bukace shi nan gaba.

Bayan an fara jihadi sai maganar ta sake tasowa, wannan karon tsakanin Sakkwato da Borno. A 1808 masu jihadi suka ci Birnin Gazargamu. Sai wani babban malami, Shehu Muhammadu Al'amin Elkanemi, wanda muke kira Shehu Laminu, ya rubuto wa su Shehu da Bello takardu yana tambaya, da wace hujja ake yaƙar mutanen da ke salla, suna azumi, suna ba da zakka? Ya yarda akwai saɓo da miyagun al'adu a Borno, amma ya ce saɓo ba kafirci ba ne, kuma irinsa na nan a Masar da sauran ƙasashen Musulmi, ba wanda ya ɗaura musu yaƙi. Bello ya mayar da amsa cewa sarakunan Borno sun taimaki sarakunan Haɓe a kan Musulmi, kuma ana yanka ga abin da ba Allah ba. Aka yi ta musayar takardu, ba wanda ya sallama wa wani. Abin lura shi ne, Bello ya kwafe takardun abokin jayayyarsa a cikin littafinsa, shi ya sa har yau muke iya jin ta bakin kowa.

Zuwan Malam Abubakar Gumi

Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, ɗariƙu suka ƙara yaɗuwa. Ƙadiriyya dama ita ce ta gidan Shehu. Tijjaniyya kuma ta sami sabon ƙarfi bayan Sarkin Kano Abdullahi Bayero ya haɗu da Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha a aikin hajjin 1937, fatake da 'yan kasuwa suka kai ta lungu-lungu. Su kansu ɗariƙun biyu ba su zauna lafiya da juna ba, dattawa irinka ba su manta rigimar ƙabalu da sadalu ta shekarun 1950 da 1960 ba, inda aka yi ta kai ruwa rana a kan kame hannu ko sakinsa a cikin salla.

A cikin wannan hali ne Malam Abubakar Mahmud Gumi ya taso. An haife shi a garin Gummi, cikin Jihar Zamfara ta yanzu, mahaifinsa alƙali ne. Ya yi Midil ta Sakkwato, ya yi makarantar horon alƙalai ta Kano, daga baya ya ƙaro ilmi a Bahatar Ruda cikin ƙasar Sudan. Tun yana malamin makaranta a Maru, a ƙarshen shekarun 1940, aka san shi da rashin tsoro, domin a nan ya ƙalubalanci yin taimama maimakon alwala ba tare da larura ba, maganar har ta kai gaban Sarkin Musulmi. Ya yi aikin kula da alhazai a Jidda, a nan ya shaƙu da Sardauna Ahmadu Bello da kuma malaman Saudiyya. Ya zama Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa daga 1962 zuwa 1967, kuma yana cikin waɗanda suka kafa Jama'atu Nasril Islam a 1962.

Sardauna jikan Shehu ne, kuma burinsa ya haɗa kan Musulmin Arewa, don haka a zamaninsa Malam bai fito fili sosai ba. Bayan an kashe Sardauna ranar 15 ga Janairu 1966 sai al'amura suka sake. Malam ya zauna a Masallacin Sultan Bello na Kaduna yana tafsiri da Hausa, gidan rediyon Kaduna yana watsawa. A 1972 ya fitar da littafinsa Al'aƙidatus Sahiha, wanda daga baya aka mayar da shi Hausa. To nan ne fa aka ja daga.

Me ya ce? Ya ce roƙon wani waliyyi da ya rasu, ko kiran sunansa a lokacin tsanani, shirka ce, domin Allah ba ya bukatar dillali tsakaninsa da bawansa. Ya ce wuridi da wazifa da sauran ayyukan ɗariƙa ba su zo daga Annabi (S.A.W.) ba, kuma addini ya cika kafin wafatinsa, ba a ƙara masa kome. Ya fi tsanantawa a kan Salatil Fatihi, saboda a cikin Jawahirul Ma'ani, babban littafin Tijjaniyya, an ambaci ladar karanta ta an gwada da ta saukar Alƙur'ani sau 6,000. Ya ce wanda ya ƙudurce wannan ya fifita wata magana a kan maganar Allah.

Malaman ɗariƙa ba su yi shiru ba. Shehu Nasiru Kabara, jagoran Ƙadiriyya a Kano, ya rubuta raddi mai suna Annasihatus Sariha. Malam Sani Kafinga, daga cikin manyan Tijjanawan Kano, ya rubuta Alminahul Hamida. Abin da ya ba mutane mamaki shi ne yadda masu ƙabalu da masu sadalu, waɗanda jiya-jiya ba sa ga maciji da juna, suka dunƙule wuri guda. Amsarsu ita ce, mai tawassuli, watau mai kamun ƙafa da darajar Annabi ko ta salihan bayi, Allah yake roƙo, ba waliyyin ba, kuma ya san ba mai amfanarwa ko cutarwa sai Allah. Manyan malaman mazhabobi sun halatta haka tun da can. Suka ce zikiri da salati umarni ne na Alƙur'ani, tsara musu lokaci da adadi bai mayar da su sabon addini ba. Game da Salatil Fatihi suka ce babu Batijjanen da ya ce ta fi maganar Allah, zancen lada ne, lada kuwa falalar Allah ce. Kuma Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a Fas cikin 1815, shi da kansa ya yi umarni a auna duk abin da aka ji daga gare shi da ma'aunin Shari'a, in ya saɓa a bar shi.

Ban da amsa, sun kuma soki shi Malam ɗin. Wasu suka ce karatunsa na makarantar gwamnati ne, bai daɗe a gaban malaman zaure ba. Wasu suka ce aƙidar Saudiyya ya ɗauko. Wasu suka ce ya kwashi maganar da ta kamata a yi tsakanin malamai ya zuba ta a kunnen jama'a. Amma suka mafi nauyi ita ce ta kafirtawa: in abin da ya faɗa haka yake, ina makomar iyaye da kakanni, ina makomar Shehu Usmanu kansa, wanda Baƙadire ne, ya kuma yi wa Shehu Abdulƙadir Jilani waƙoƙin yabo? Almajiran Malam suka ce ai Shehun ne ya rubuta Ihya'us Sunna, littafin raya sunna da kashe bidi'a, su aikinsa suke ci gaba da shi. Ka ga kowane ɓangare ya riƙe Shehu ta gefen da ya fi masa.

To a nan ne amsar tambayarka ta biyu take. Malam Abubakar Gumi bai ƙago rigimar ba. Abin da ya zo da shi sabo shi ne, da can ana yin ta da Larabci, a takarda, tsakanin malami da malami. Shi kuwa ya yi ta da Hausa, ta rediyo, mai huɗa a gona da mai awo a kasuwa da matar da ke cikin kulle duk suna ji. Ga kuma kaset ya zo, direbobi suna ɗauka gari-gari. Da malaman ɗariƙa suka ga haka sai su ma suka shiga, wajen 1980 aka fara jin tafsirin Shehu Ɗahiru Usman Bauchi a rediyon Kaduna. Mu da muka taso a ƙarshen shekarun 1980 mun tarar da azumi ba ya cika sai an ji wannan an ji wancan, washegari kuma a ɗora muhawara a majalisa.

Izala da abin da ya biyo baya

A 1978 aka kafa Jama'atu Izalatil Bidi'a Wa Iƙamatis Sunna a garin Jos, ƙarƙashin Shehu Isma'ila Idris, tsohon limamin soja kuma almajirin Malam. Malam bai riƙe muƙami a cikinta ba, amma kowa ya san shi ne ubanta. Shekarun farko sun yi zafi. An yi ta faɗa a kan masallatai, an raba sahu, wasu matasa suka daina bin iyayensu salla, suka daina cin yankansu, har aure ya mutu a wasu gidaje. Su ma 'yan Izala an kore su daga garuruwa, an jefe su, an kira su da sunaye marasa daɗi. Ba ɓangaren da bai ji jiki ba. Ta hanyar 'yan kasuwa abin ya tsallaka har Maraɗi da sauran garuruwan Nijar.

A 1982 Shehu Sharif Ibrahim Saleh na Maiduguri ya fitar da littafi mai suna Attakfir, inda ya nuna cewa kafirta Musulmi ita ce bidi'ar da ta fi kowace haɗari ga zaman lafiyar ƙasar nan. Bai tsaya kan abokan jayayya kaɗai ba, ya kuma ja hankalin 'yan'uwansa Tijjanawa a kan wasu maganganu da ke cikin littattafai, abin da bai yi wa wasunsu daɗi ba. A 1988, bayan rikicin Kafanchan na 1987, manyan malaman ɓangarorin biyu suka zauna a Kaduna suka yi musafaha. Ita kanta Izala ta rabu biyu a farkon shekarun 1990, ɓangaren Jos da na Kaduna, kuma cikin abubuwan da aka ambata a matsayin dalili har da wannan tambaya: shin ɗan ɗariƙa kafiri ne ko kuwa Musulmi ne mai bidi'a? Ashe ko a cikin gidan ba a taru a kan amsa guda ba. Malam ya rasu a Landan ranar 11 ga Satumba 1992, aka kawo shi Kaduna aka binne. Shehu Nasiru Kabara ya bi shi a 1996. Allah ya jiƙansu baki ɗaya.

Adalci shi ne a faɗi alherin da aka samu. Malam ya fassara Alƙur'ani da Hausa, aikin da ya sa aka ba shi lambar yabo ta Sarki Faisal a 1987, kuma yau da wuya ka shiga garin da babu wannan fassara. Wa'azinsa ya sa an buɗe makarantun Islamiyya da na matan aure, ya rage wa talaka nauyin bidi'o'in biki da suna da zaman makoki, ya rage kasuwar bokaye. Su ma 'yan ɗariƙa gasar ta sa sun buɗe nasu makarantun, sun koma ga littafi suna neman hujjar abin da suke yi. Ilmi ya ƙaru ta kowane gefe.

Amma magana zarar bunu ce. Kalmar kafirci in ta saba fita daga baki, ba ta tsayawa inda mai ita ya so. Mun ga ƙarshen abin a hannun 'yan Boko Haram, waɗanda suka kafirta kowa, duk da malaman Izala da na ɗariƙa sun yi musu raddi tun da wuri. A watan Fabrairu 2014 aka harbe Shehu Muhammad Auwal Albani a Zariya, malamin da ya yi fice wajen sukar su. Ranar 28 ga Nuwamba na wannan shekara aka kai hari Babban Masallacin Juma'a na Kano, mutum fiye da 100 suka rasu, kuma ba a tsaya tambayar wane ne ɗan Izala wane ne ɗan ɗariƙa ba.

To Baba, ga abin da zan ce maka a matsayin ɗa, ba a matsayin malami ba. Ka kira yaron nan ku zauna, ba a gaban mutane ba. Ka tambaye shi ya faɗi abu guda takamaimai da ya gani a wurinka. In ya ce akwai wani yanka da ake yi wa tsamiya ko rijiya a gidan, ko ana zuwa wurin boka, to wannan babu malamin da ya yarda da shi, daga Shehu Usmanu har Kabara har Gumi, sai ka gyara, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. In kuwa maganar wuridi ce da tawassuli, to ka gaya masa wannan magana ce da manyan malamai suka yi shekaru suna rubuce-rubuce a kanta, kowa da hujjarsa, kuma a ƙarshe sun zauna sun gaisa. Yana da damar ya bi fahimtar da ta kwanta masa, amma yanke wa mutum hukuncin fita daga addini ba aikin mai karatun shekara uku ba ne. Ka ba shi labarin almajiran da suka tare manoma a zamanin Shehu, da abin da Shehu ya ce musu. Ka ba shi labarin Shehu da Malam Jibrilu, yadda ya saɓa masa a kan magana mai nauyi irin wannan bai daina girmama shi ba. Sannan ku je tare wurin malamin da shi yaron ya yarda da shi, ya faɗa a gabanka ko ya halatta ɗa ya ƙaurace wa mahaifinsa mai salla. Kai kuma kada ka yi masa baki, kada ka kore shi, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Yaron da ya damu da lahirarsa har haka ba ɓatacce ba ne, zafin sabon karatu ne, kuma yakan huce.

Muna fata za ka sake rubuto mana ka shaida mana yadda kuka ƙare. Jama'a, a nan za mu dakata. Masu tambayar farashin taki da maganar tsutsar masara, takardunku sun iso, suna nan a mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.